Aminci, Amana da Imani: Darasi Ga Muridi a Zamanin Ta'addanci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai kwantar da zukatan bayinSa da ambatonSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Al-Amin tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass da dukkan waliyyan Allah. Bayan haka:

Duk lokacin da aka kai hari, abin da rediyo ke faɗi shi ne adadin waɗanda suka rasu da waɗanda suka jikkata. Akwai wata ɓarna da ba ta shiga sanarwa, kuma ita ce ke daɗewa bayan an yi jana'iza an watse: maƙwabci ya daina yarda da maƙwabcinsa, baƙo ya yi sallama a ƙi amsa masa da sakin fuska, mai salla ya riƙa waiwaye a cikin sahu. Wannan darasi zai duba wannan ɓarnar, da abin da Shari'a da tarbiyyar ɗarika suka ɗora wa muridi a kanta.

Kalmomi uku daga saiwa ɗaya

A harshen Larabci, aminci da amana da imani duk daga saiwa ɗaya suka fito, wato haruffan alif da mim da nun. Bahaushe ya ari kalmomin uku, ya ƙara da ta huɗu, ya kira babban abokinsa amini. Wannan dangantaka tana da tushe a addini. Ya zo a hadisin da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito cewa mumini shi ne wanda mutane suka aminta da shi a kan jininsu da dukiyarsu. Ke nan an auna imanin mutum da irin barcin da maƙwabtansa ke yi saboda kasancewarsa kusa da su.

A Suratul Baƙara, aya ta 126, da Annabi Ibrahim (AS) zai yi wa Makka addu'a, aminci ya fara roƙa mata kafin ya roƙi arziki. A Suratu Ƙuraishin, ni'ima biyu Allah ya tunatar da su don su bauta masa: ƙoshi bayan yunwa, da kwanciyar hankali bayan tsoro. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, jikinsa lafiya, yana da abincin yininsa, to kamar an haɗa masa duniya ne gaba ɗaya. Kakanni sun taƙaita wannan da cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Kasuwa, gona da masallaci

Nijar ta san ma'anar waɗannan nassosi a aikace. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Difa. Cikin ƴan kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka hana hawa babur, aka taƙaita fita da dare, aka tsayar da cinikin tattasan bakin Komadugu da kifin tafkin Cadi, saboda maharan na samun kuɗi a kansu. Matakan tsaro ne, amma nauyinsu a kan talaka ya sauka: ɗan kabu-kabu ya rasa sana'a, manomi ya zuba wa buhunan tattasai ido, mai naƙuda ta rasa abin da zai kai ta likita da dare. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu na wannan shekarar, an umarci mazauna tsibiran tafki su tashi, dubban mutane suka tako da ƙafa zuwa Ngigmi da Bosso cikin zafin bazara.

A yamma ma haka abin ya zo. Bayan harin Inates na Disamba 2019, inda sojoji 71 suka kwanta dama, an hana babur a sassan jihar Tilaberi. Ranar 15 ga Maris 2021 aka tare motocin da ke dawowa daga kasuwar Banibangu, aka kashe mutum 58. Kwana shida bayan nan, a ƙauyukan yankin Tiliya cikin jihar Tawa, an kashe mutum 137 a yini ɗaya. A watan Agusta na shekarar, a Darey-Daye, mutum 37 aka kashe, kuma a gonakinsu aka same su. Ranar 21 ga Maris 2025, Juma'a ce kuma cikin azumi, aka kewaye masallacin Fambita a yankin Kokoru, aka kashe mutum 44.

Wanda ya lura da wuraren nan zai ga cewa su ne ginshiƙan rayuwar ɗan ƙauye: inda yake saye da sayarwa, inda yake noma, inda yake ganawa da Ubangijinsa. An ce tsoro na daji, kunya na gida. Yanzu tsoron ya baro daji ya shigo gari. Ɗaruruwan lakwal sun rufe a Tilaberi saboda an kori malamai, hakimai da yawa sun bar garuruwansu sun koma birni, ana karɓe dabbobin makiyaya da sunan zakka alhali ƙwace ne tsagwaronsa. A kudancin Maraɗi, wajen Gidan Rumji da Madarunfa, ɓarayin daji ne ke satar shanu da mutane don kuɗin fansa, kuma tun 2019 dubun-dubatar ƴan gudun hijira suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Manufar waɗannan ta bambanta da ta masu iƙirarin jihadi, amma abin da suke bari a zukata iri ɗaya ne.

Yadda amana ke mutuwa

Harsashi mutum ɗaya yake samu, zato kuwa gari guda yake kamawa. Idan aka sace mutum a gidansa da tsakar dare, tambayar da ke fara zuwa bakin kowa ita ce wa ya nuna gidan, wa ya san ya sayar da sa a kasuwar jiya. Wani lokaci akwai mai tsegunta wa ɓarayi da gaske. Amma da yake ba a san shi ba, sai tuhuma ta rataya a wuyan kowa: ɗan da ya dawo daga ci-rani da sabuwar waya, matashin da ya canza shiga, maƙwabcin da ba a taɓa gidansa ba. Mutum na ɓoye wa ɗan'uwansa ranar tafiyarsa, yana ɓoye abin da ya samu, har biki ana ragewa don kada a ce yana da hali.

Mutanen ƙauye kuma suna tsakanin wuta biyu. Wanda ya yi magana da jami'an tsaro yana tsoron a yanka shi a matsayin ɗan leƙen asiri, wanda ya yi shiru yana tsoron a ɗauke shi a matsayin mai haɗa baki. Daga nan shiru ke zama al'ada, kuma garin da mutanensa ba su iya faɗa wa juna gaskiya ya riga ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mafi muni shi ne lokacin da zato ya koma kan ƙabila. A yamma da kudancin Maraɗi Bafillace ya sha ɗaukar laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba, alhali garkensa aka fara kwashewa. A Difa an taɓa kallon Barebari da Buduma da irin wannan ido. Maharan na son haka, domin duk matashin da aka wulaƙanta saboda harshensa ya zama mai sauƙin ja zuwa daji. Wannan ƙasa ce da Bafillace da Babarbare ke tsokanar juna su yi dariya, Bagobiri da Bazabarme su kira juna bawa ba wanda ya ji haushi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasan taubasantaka na Nijar cikin gadon ɗan Adam. Ranar da taubashi ya fara tsoron taubashinsa, an yi asarar da ta fi ta shanu.

Alƙur'ani ya rufe wannan ƙofa tun farko. Suratul An'am, aya ta 164, ta tabbatar cewa ba a ɗora wa wani rai laifin wani. Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane da gulma, ukun a aya ɗaya, domin zato ne ke haifar da sauran biyun.

Tsohuwar cuta ce

Wanda ya karanta tarihi ba zai ruɗe da gemu da tuta ba. A zamanin Sayyidina Ali (RA) Khawarijawa sun shahara da yawan salla da karatu. Malaman tarihi sun kawo cewa ɗayansu ya tsinci dabino da ya faɗo daga itace ya sa a baki, ƴan'uwansa suka yi masa ca cewa ba da izinin mai shi ba. Su ne kuma suka yanka Abdullahi ɗan sahabi Khabbab, suka kashe matar da ke tare da shi tana da ciki, ba su ga laifi ba. A shekara ta 40 bayan Hijira, cikin Ramadan, ɗayansu ya sari Sayyidina Ali yana kan hanyar sallar Asuba a Kufa. Tsantseni a kan ƙwayar dabino da sakaci a kan jini, wannan ita ce alamar ilimin da bai ratsa zuciya ba, kuma maganinta shehunai ke nema da tarbiyya.

Annabi (SAW) ya yanke tushen wannan tunani a ƙissar Usama bin Zaid (RA), wanda ya kashe mutum a fagen yaƙi bayan mutumin ya furta kalmar shahada, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi faɗi. Annabi ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani, ya yi ta maimaita faɗan har Usama ya yi fatan a ce ranar ce ya fara musulunta. Idan wannan ne hukuncin wanda ya furta shahada takobi na kansa, ina ga wanda aka iske a sahun Juma'a da azumi a bakinsa?

Ƴan ɗarika sun ɗanɗana wannan cuta. A 2012 an rushe hubbarorin waliyyai a Tumbutu, har kotun duniya ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara 9 a kan haka a 2016. A watan Yuli 2014 an tayar da bam a Kaduna ana hakon Shehu Ɗahiru Usman Bauchi bayan rufe tafsiri. A Nuwamba 2017 an kashe sama da mutum 300 a masallacin Rauda na sufaye a yankin Sinai na Masar. Duk da haka adalci ya wajaba a nan ma. A Fabrairu 2014 Boko Haram ta kashe Shaikh Albani Zariya, wanda ba ɗan ɗarika ba ne, saboda yana sukar aƙidarta. Saboda haka bai halatta muridi ya kira duk mai saɓa wa ɗarika ɗan ta'adda ba. Saɓani a kan Salatul Fatihi ko maulidi da hujja ake yin sa. Mai jifan abokin saɓaninsa da jinin da bai zubar ba ya ari hanyar waɗanda yake zargi.

Kyakkyawan zato da taka-tsantsan

Nan ne tambayar ke yi wa muridi nauyi. An tarbiyyantar da shi a kan husnuz zanni, wato kyautata zato ga Allah da bayinSa. Ƙofar zawiya a buɗe take, baƙo na sauka ya ci ya kwana ba a tambaye shi takarda ba. A maulidin Kiyota dubban mutane ke kwana kafaɗa da kafaɗa ba wanda ya san sunan na kusa da shi. To, a zamanin da wani ke shiga masallaci da mugun nufi, a rufe ƙofar ne, ko a rufe ido?

Amsar malamai ita ce kowanne da mazauninsa. Kyautata zato aikin zuciya ne: kada a yanke wa wani mutum takamaimai hukuncin mugunta ba da hujja ba. Taka-tsantsan kuma aikin gaɓoɓi ne, yana hawa kan kowa daidai, ba ya tuhumar kowa. Suratun Nisa'i, aya ta 71, ta umarci muminai su riƙi shirinsu na kariya, aya ta 102 kuma ta koyar da sallar tsoro, inda wasu ke salla wasu na gadi. Bukhari ya ruwaito cewa wani dare a Madina Annabi (SAW) bai samu barci ba, ya yi fatan wani salihi ya tsare shi, sai Sa'ad bin Abi Waƙƙas (RA) ya zo da makaminsa ya kwana yana gadi. Mai raƙumin nan da ya tambaya ko ya ɗaure shi ko ya sake shi ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure sannan ya dogara.

Saboda haka idan za a binciki masu shiga taro, a binciki kowa, a fara da muƙaddami da manyan gari. Wannan tsaro ne. Idan kuwa mai rawani irin kaza ko mai harshe irin kaza kaɗai ake tsayarwa, an koma cin mutunci. Baƙo a amsa masa sallama da fara'a, a ba shi ruwa da abinci, sannan a tambaye shi inda ya fito da wanda ya sani cikin ladabi, a kai shi ga mai unguwa kamar yadda aka gada. Mutumin kirki ba ya jin zafin wannan.

Shi ma muridi kada ya bar mutane cikin duhu game da kansa. Wata rana da dare Annabi (SAW) yana raka matarsa Safiyya (RA) daga masallaci lokacin i'itikafi, wasu Ansar biyu suka gan shi suka ƙara sauri. Ya tsayar da su ya gaya masu ko wace ce, don kada Shaiɗan ya jefa wani abu a zukatansu. Wanda ya yi baƙo ya sanar da maƙwabta. Wanda ya dawo daga doguwar tafiya ya faɗi inda ya je.

Jin tsoro kansa ba raunin imani ba ne. Suratul Ahzab ta siffanta halin sahabbai ranar Khandaƙ da cewa zukata sun kai maƙoshi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Matar da ke firgita da ƙarar babur, ko yaron da ya daina magana bayan abin da ya gani, ba wa'azin tawakkali suke buƙata da fari ba. Suna buƙatar wanda zai zauna da su, ya saurare su, ya kai su wurin masu magani idan abin ya yi tsanani, yana haɗa masu da addu'a.

Tubabbe da wanda aka zalunta

A ƙarshen 2016 hukumomin Nijar suka buɗe ƙofa ga ƴan Boko Haram da suka ajiye makami, aka kafa masu cibiya a Gudumariya, kuma a Disamba 2019 aka yaye rukuni na farko. Tambayar da ta biyo baya mai ɗaci ce: yaya marayan da aka kashe wa uba zai haɗa sahu da wanda ya fito daga cikin makasan?

Ƙissar Wahshi ta ba da ma'auni. Shi ya kashe Sayyidina Hamza (RA) a Uhudu. Da ya zo ya musulunta Annabi (SAW) ya karɓi Musuluncinsa, bai taɓa shi ba, amma ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. An karɓi tuba, kuma ba a ƙaryata ciwon zuciya ba. Don haka ba a yi wa tubabbe gorin abin da ya wuce, ba a hana shi sana'a da masallaci, domin toshe masa hanya tura shi ne ya koma daji. Ba a kuma tilasta wa wanda aka zalunta ya rungume shi yau. Haƙƙin jini da dukiya na hannun hukuma da alƙali. Amana kuwa a hankali take dawowa, gwargwadon abin da aka gani na halin mutum.

Abin da ya hau kan muridi

Na farko, tsare harshe da waya. Suratun Nisa'i, aya ta 83, ta zargi masu yaɗa duk labarin aminci ko na tsoro da ya zo masu ba tare da mai da shi ga masu alhaki ba, Suratul Hujurat kuma, aya ta 6, ta wajabta tantancewa. Saƙon murya na WhatsApp da ba a san mai shi ba ya isa ya watsa kasuwa ko ya sa a far wa marar laifi. Abu Dawud ya ruwaito cewa bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba, kuma dalilin hadisin wasa ne kawai wasu sahabbai suka yi wa mai barci. Hotunan gawawwaki ma ba a tura su: keta alfarmar mamaci ne, kuma aikin da maharan ke so a yi masu ne kyauta.

Na biyu, riƙe jama'a. Daga sharuɗɗan ɗarika akwai barin gaba da yanke hulɗa da bayin Allah, kuma wazifa cikin jama'a ake yin ta inda akwai ƴan'uwa. Farin ƙyallen da ake shimfiɗawa Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu da Babarbare ke kewaye shi gwiwa da gwiwa. Inda doka ta hana fitar dare, a bi doka, muƙaddami ya tsara lokacin da ya dace, amma kada halaka ta mutu. Wanda aka daina gani a zikirin Juma'a a je a dubo shi, domin zumunta a ƙafa take.

Na uku, ɗan gudun hijira. Ansar sun raba gidajensu da Muhajirai, Sa'ad bin Rabi' ya miƙa wa Abdurrahman bin Auf rabin dukiyarsa, shi kuma ya nemi a nuna masa kasuwa. Mafi yawan waɗanda suka baro garuruwansu abin da suke so ke nan: gefen gona, ɗan jari, wurin karatu ga yara. Kada a tsawwala masu kuɗin haya, kada a sa masu suna. Maƙwabci wanda ba Musulmi ba shi ma yana cikin wannan haƙƙi, kamar yadda Suratul Mumtahana, aya ta 8, ta nuna.

Na huɗu, matasa. Sayyidina Ali ya aika Ibn Abbas (RA) ya tattauna da Khawarijawa, da yawa daga cikinsu suka dawo. Yaron da ya fara kawo tambayoyi masu zafi a kan kafirci da jihadi a zaunar da shi a ba shi amsa da ilimi. Idan zawiya ta kore shi, akwai mai jiran sa a waya. Wanda kuma ya ga shirin cutar da mutane da idonsa, sanar da hukuma wajibi ne, kuma ba ya cikin gulma.

Na biyar, wuridi. Lazimin safe da na marece, istigfari 100 da salati 100 da haila 100, shi ne wankin zuciya sau biyu a yini. Zuciyar da tsoro ya cika tana saurin zama mai ƙiyayya, mai ƙiyayya kuma yana saurin halatta zalunci. Alamar cewa wuridi na aiki ita ce maƙwabcin muridi, ko wane harshe yake yi, ya iya barin masa makullin gidansa ya yi tafiya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, farar hula da sojoji, ya karɓi shahadarsu. Allah ya ba marayu da zawarawa haƙuri da mataimaki, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya shiryi mai rabon shiriya daga cikin masu ɓarna, ya isar wa bayinSa daga sharrin sauran. Allah ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.